Yadda ake haɗa keke mai ƙafa uku da ke kwanciya a kwana

Ɗan yayata aboboya yake tuƙawa a Kumasi, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, yana rarraba ruwan leda daga Aboabo zuwa Sawaba da Asawase. Wata Talata da hantsi aka kira ni cewa ya kife a shataletale. Allah ya taƙaita, ƙashin kafaɗa ne kawai ya karye. Da na je dubiya na tambaye shi irin gudun da yake yi, ya ce, "Wallahi Kawu, ban wuce 30 ba." Mutanen gida ba su yarda ba. Ni na yarda, don na ga yadda aka jibga masa ruwan har ya haura bakin bodi, kuma shekarun da na yi ina walda a Kumasi sun nuna mini cewa abu mai ƙafa uku ba sai ya yi gudu yake kifewa ba. Tun daga ranar nake neman yadda mai ƙafa uku zai riƙa kwanciya a kwana kamar babur. Na haɗa guda uku a rumfata, na farkon ya koma cikin tarin ƙarafa, biyun suna kan hanya. Abin da na koya a kansu zan ba ka.

Fara da murhu. Tukunya tana zaune lafiya a kan duwatsu uku muddin nauyinta na tsakaninsu. Ka matsar da ita gefe ta wuce layin da ke tsakanin dutse da dutse, sai miya a ƙasa. Tayoyin pragiya (mai ƙafa uku na fasinja) da aboboya su ne duwatsun, ɗaya gaba biyu baya. Da ka shiga kwana akwai ƙarfin da ke ingiza kaya da direba waje, kuma layin da ke tare ka shi ne wanda ya tashi daga tayar gaba zuwa tayar baya ta waje. Wannan layin yana matsewa yayin da yake tafiya gaba, shi ya sa faɗin da ka gani a baya ba duka ne naka ba.

Ga lissafin, da alli ma za ka iya yinsa a ƙasa. A ce tsakanin tayoyin baya santimita 110 ne, daga tayar gaba zuwa na baya 200, cibiyar nauyi kuma tana santimita 140 a bayan tayar gaba. Rabin 110 shi ne 55, amma a daidai inda nauyin yake kashi 7 cikin 10 na wannan ne ya rage maka, wato kamar 38. Raba 38 da tsayin cibiyar nauyin daga ƙasa: iya ƙanƙantar abin da ya fito, iya saurin kifewa. In tsayin 80 ne, a shataletalen da ke da mita 20 daga tsakiyarsa zuwa inda kake bi, tayar ciki za ta ɗaga a wajen kilomita 35 a awa. Ka ƙara kaya sama har cibiyar ta kai 110, za ta ɗaga a kilomita 30. Yaron bai yi ƙarya ba.

Mai babur ba ya fuskantar wannan saboda yana kwantar da jikinsa da mashin cikin kwanar, nauyin da ke jan shi ƙasa da ƙarfin da ke tura shi waje su haɗu su bi ta kan taya. A wancan shataletalen, a gudun kilomita 20 kwanciyar digiri 9 ta ishe shi, a 30 yana bukatar kusan 20, a 40 kuwa sai ya kai 32. Duba yadda take tsalle: ka ninka gudu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Duk aikin da za mu yi, wannan kwanciyar muke so mu ba mai ƙafa uku.

Masu ƙera irin wannan sun kasu gida biyu. Akwai masu sa tayoyi biyu a gaba, su haɗa su da sanduna masu gaɓoɓi ta yadda duk abin zai kwanta tare. Haka Piaggio na Italiya ya yi babur ɗinsa MP3 a 2006, Yamaha ya biyo da Tricity a 2014, sannan Niken a 2018 wanda ke kwanciya har digiri 45. Suna da kyau, suna riƙe hanya, amma ban ba ka shawarar farawa da su ba. Gaɓoɓin sun yi yawa, kowacce da boris ɗinta, ga sitiyari da dole ya bi ta cikinsu, kuma rami ɗaya ya kauce da milimita 2 sai tayoyin su riƙa jayayya da juna. Na farkon da na ce ya koma tarin ƙarafa irin wannan ne. Wata biyu na yi a kansa, bai taɓa tafiya miƙe ba tare da ya ci taya ba.

Gida na biyu shi ne namu. Taya ɗaya a gaba, ita da sirdi da mahayi su kwanta, tayoyi biyu na baya da akwatin kaya su zauna daram a ƙasa, gaɓa ɗaya tak ta haɗa su. Kamfanin BSA na Ingila ya fito da irinsa a 1970 da sunan Ariel 3, bai samu kasuwa ba. Honda ya ɗauki dabarar ya yi Gyro a 1982, ya sa masa rumfa a 1990, har yau da shi ake kai wa mutane abinci gida a biranen Japan. Akwai kuma Carver na ƙasar Holan, wanda famfon mai ne ke kwantar da shi da kansa, sai dai wannan ya fi ƙarfin rumfar walda. Abin da mai walda zai iya yi da kyau a rumfar kwano shi ne gaɓa ɗaya, kuma a kan keken feda. Kada ka taɓa aboboya mai ɗaukar rabin tan ka ce za ka yanka shi ya riƙa kwanciya. Ƙafar mutum ba ta tare wannan nauyin in ya taho.

Nemi tsohon keke na ƙarfe, Phoenix ko wani cikin na gwanjo. Tafi da maganaɗisu a aljihu, in bai kama firam ɗin ba alminiyam ne, bar shi. Sai tayoyi biyu masu inci 20 don baya, ƙanana sun fi don suna sauko da kaya ƙasa kuma wayoyinsu sun fi jure turi ta gefe. Fayif mai kusurwa huɗu, milimita 40 da 40, kaurin milimita 2. Sandar ƙarfe cikakkiya mai kaurin milimita 25, tsawon kamar santimita 45. Boris biyu masu gida, irin waɗanda ake ɗaurewa da noti biyu, lamba 205, su ne raminsu ya yi daidai da sandar. Ƙarafa nakan tsinto a Akwatia Line, wajen 'yan gwangwan, amma boris da noti sababbi nake saye a Suame Magazine, unguwar makanikai, kuma ina duba kan kowane ƙusa in ga an buga 8.8, lambar da ke nuna ƙarfinsa. Araha ba ta ado a wannan wurin, don ran mutum a kan waɗannan ƙusoshi huɗu yake tafiya.

Bangaren baya ba shi da wuya. Haɗa firam mai kusurwa huɗu, ka bar santimita 80 tsakanin tayoyin, faɗin da zai shiga lungunan zango. Auna tsakanin wili da wili ta gaba, ka auna ta baya, kada bambancin ya wuce milimita 2. Gindin akwatin ya sauko ƙasa iyakar yadda zai yiwu.

Yanzu gaɓar, wato sandar nan da za ta riƙa juyawa cikin boris biyun, kuma a nan nake so ka zauna ka natsu. Yawancin waɗanda na ga sun gwada sun shimfiɗa sandar a kwance daidai da ƙasa, don haka ido ya fi so. Kuskure ne. Ɗora keken da bangaren baya a kan daɓe mai laushi, ka tokare su a tsaye yadda za su zauna, ka tabbatar da ma'aunin ruwa na magina. Buga ƙusa a daidai inda tayar gaba ta taɓa ƙasa, ɗaura zare, ka ja shi baya ta tsakiyar keken har zuwa ƙarƙashin akwatin, inda boris na baya zai zauna. Wannan zaren shi ne layin sandarka. A nawa, boris na baya yana santimita 22 daga ƙasa kuma santimita 130 daga ƙusar, sandar ta sunkuya gaba da kusan digiri 10.

Dalilin shi ne, duk abin da ke kan wannan layin ba ya gusawa gefe in keke ya kwanta. In layin ya bi ta inda tayar gaba ta taka, gaba zai kwanta baya kuma ya ci gaba da bin sawunsa. In layin ya wuce ta saman wurin, kamar yadda sanda a kwance take yi, kowace kwanciya za ta tura gindin tayar gaba waje, baya ya ƙi bin kwanar, ka ji keken yana buɗewa yana neman gota. In kuma layin ya nutse ƙasa tun kafin ya kai tayar, wutsiya ce za ta riƙa fita waje, keken ya shige kwanar fiye da yadda ka nufa, wannan ya fi haɗari. In dole ka kauce, gara layin ya ɗan haura sama kaɗan da ya nutse. Ka kuma sauke gaɓar ƙasa gwargwadon iko, domin ta nan ne turin gaba yake shiga baya, in tana sama za ta taimaka wajen ɗaga tayar ciki. Iyakarka ita ce tudun rage gudu da duwatsun hanyoyin unguwa. Ni ban bar ƙasa da santimita 12 a ƙarƙashin gidan boris na gaba ba.

Bar santimita 30 tsakanin boris biyun. In ka matse su kusa da juna, duk ramin da ka faɗa zai riƙa murɗa su kamar ana ɓare gyaɗa. Boris a bangaren baya, sanda a jikin keke. Kai sandar wajen masu injin gurza ƙarfe su yi maka zobba biyu masu ƙusa da za su tare ta gaba da baya, saboda duk lokacin da aka taka birki kayan baya suna turo ta gaba. Wajen haɗa ta da firam, ka tuna fayif ɗin keke bai fi milimita 1 da wani abu ba, wutar walda mai ƙarfi huda shi take. Liƙin tagulla da gas ya fi, ko ka rage wuta ka yi ɗigo-ɗigo kana bari yana hucewa. Sa faranti masu kusurwa uku a kowace mahaɗa don nauyin ya bazu. Kada ka ga tsohuwar sandar tayar mota ka yi kwaɗayinta don tana da ƙarfi: ƙarfenta gasasshe ne, yakan tsage a gefen walda ba tare da ya ba da sanarwa ba.

Sai matokara, wato inda kwanciyar za ta tsaya. Digiri 25 kowane gefe ya ishi keken feda, don zai kai ka kilomita 22 a awa a matsattsiyar kwanar unguwa mai mita 8. Ba sai kana da ma'aunin digiri ba: a kan falanki ja layi santimita 100 sama, daga ƙarshensa ka auna 47 gefe, ka haɗa da inda ka fara. Yanko robar tsohuwar tayar mota mai kauri ka ɗaura a inda ƙarfe zai bugi ƙarfe. Kafin ka liƙe matokaran, kwantar da keken har ƙarshe, ka juya feda ta ciki zuwa ƙasa. In ta taɓa daɓe, rage kwanciyar. Ka duba dunduniyar mahayi ma, kada ta riƙa bugun akwatin.

Maganar sifirin da zai riƙa mayar da keken tsaye mun yi gardama a kanta da wani tsohon fita, maƙwabcin rumfata, wanda ya girme ni a sana'a nesa ba kusa ba. Ya ce, "Yaro, sa masa shokazoba biyu na babur ya tsaya ƙyam da kansa." Na ce, "Baba, in ya tsaya ƙyam ai mun koma gidan jiya." Na gwada don girmansa, kuma abin da ya faru shi ne duk sanda tayar baya ɗaya ta hau dutse ko ta faɗa rami, sifirin ya kwashi wannan ya jefa wa mahayi. A hanyar da ta karkata gefe kuma sai ya riƙa tura ka gangare. Abin da ake so sifirin mai laushi ne, wanda zai iya tsayar da keken in ba kowa a kai, amma ka tura shi da yatsu biyu ya kwanta. Honda ma roba ya cusa a cikin gaɓar Gyro. Ni igiyoyin tsohon tub na babur na ninka gida huɗu kowane gefe, sun yi aikin, kuma canza su bai kai kuɗin kokon safe ba. Baba da ya hau ya zagaya ya dawo bai ce komai ba, washegari ya aiko a ara masa zaren awo.

Sakata ta zama dole, don a loda kaya ko a tsaya a gefen hanya ba tare da gaban ya faɗi ba. A MP3 birki ne ke kama wani yankin faifai, kuma da an murɗa totur yake saki da kansa. Namu ƙusa mai kaurin milimita 10 ce da ke shiga rami, amma ka gina ta yadda sifirin zai riƙa fitar da ita, hannu ne kawai ke shigar da ita. In ta shiga da kanta ana cikin tafiya, mahayi zai nemi kwanciya ya ji ƙarfe ya ƙi, kuma ya riga ya shiga kwanar da gudun mai kwanciya. Ni na haɗa tawa da birkin ajiya: in sakata na ciki, tayoyin baya a kulle suke, ba yadda za a tashi da ita.

Kaca ce raunin wannan ƙirar, ba zan ɓoye maka ba. Feda na jikin abin da ke kwanciya, tayar da ake ja tana jikin abin da ba ya kwanciya, don haka kaca murɗewa take. Yi amfani da kacar keke mai giya, ta fi lanƙwasuwa ta gefe. Bar ta da tsawo, gajeriya ba ta jure murɗa. Bi da ita kusa da layin sandar, ka sa tsohon abin sauya giya ya riƙa ɗame ta. In har yanzu tana zamewa, rage matokara zuwa digiri 20. Taya ɗaya kawai za ka ja, ɗayar ta juya a sake, in ba haka ba za su yi faɗa a kwana tunda ta waje ta fi ta ciki nisan tafiya. Mai halin sayen tayar gaba mai injin lantarki a cibiyarta ya rage wa kacar wahala sosai. Honda kuwa injin ya ɗora gaba ɗaya a bangaren baya, matsalar ba ta taso masa ba. Duk wanda zai sa inji, ya je ofishin lasisin ababen hawa ya ji ka'idarsu kafin ya hau titi.

Birkin baya ya kama tayoyin biyu daidai wa daida daga hannu ɗaya, ta hanyar 'yar sanda mai lilo da ke raba ja gida biyu. Bar wa wayoyin birkin sarari, ka kwantar da keken dama da hagu ka ga ko birki na kama kansa.

Na biyun da na haɗa na wata Hajiya ce mai koko a unguwarmu, yaronta ke kai mata kaya bakin titi kafin asuba. Kwana uku da karɓa ta zo da kanta. Ta ce, "Malam, keken bai faɗi ba, amma kokona rabi a akwati yake isowa." Na ce, "Hajiya, laifina ne, ban yi tunanin ruwa ba." Akwatin baya ba ya kwanciya, don haka duk abin da ke zuba zai haura bakin roba ta waje a kowace kwana. A jikin abin da ke kwanciya kuwa ruwa zaune yake lafiya, kamar yadda mai babur ke rataye bokiti ya sha kwana bai zube ba. Sai na yi mata mazauni ƙarami a bayan sirdi, a jikin gaba, don robar kokon, itace da kujeru da kwanon ƙosai suka zauna a akwati. Tambayi mai kaya abin da zai ɗauka kafin ka yanka ƙarfe. Kuma ka gaya masa da babbar murya cewa akwatin yana nan a ƙarƙashin lissafin murhu: da faɗin 80 da kaya a tsayin 45 yana da sauran hali mai yawa, amma ya tara kaya har tsayin kafaɗa, zai kife kamar kowane aboboya.

Gwaji a fili ake yi, filin ƙwallon unguwa da sassafe, da hular kwano. Kafa turke, ja igiya mita 8, zana da'ira. Fara ba kaya, da gudun tafiyar ƙafa, ka zagaya dama ka zagaya hagu, sannan ka yi ta zana lamba 8. Sa yaro ya tsuguna yana kallon tayar baya ta ciki, da ta nuna alamar ɗagawa ya yi ihu. Daga nan ƙara jarkoki masu lita 25, ɗaya bayan ɗaya, a cike maƙil, domin mai rabi girgiza take ta ruɗe maka gwajin. Ni a jarka huɗu nake tsayawa, kilo 100 ke nan, kuma shi nake rubutawa da fenti a jikin akwatin.

Wanda ya fi shan wuya a kansa shi ne wanda ya saba da aboboya. Hannunsa ya saba murɗa kai zuwa inda zai je jiki na zaune a miƙe, alhali wannan tuƙin keke ne, jiki ke fara shiga kwana. Ɗan yayata da ya warke sai da ya yi yamma uku a fili kafin hannunsa ya daina gardama. Wanda bai iya keke mai ƙafa biyu ba, ya je ya koya tukuna.

Bayan mako ɗaya na aiki a dawo maka da shi. Wanke mahaɗar sanda da firam, shafa kananzir, bar shi minti 10, goge tas, sannan ka barbaɗa garin alli. In akwai tsaga da ido bai gani ba, kananzir zai fito ya zana ta a kan allin. Kama sirdi ka girgiza gaba da baya ka ji ko zobban sun saki, ƙara ɗaure notocin boris, ka cika su da giris. Lokacin hunturu, da ƙura ke sauka a kan komai a Kumasi, duk mako biyu nake cewa a kawo, kuma ina yanka tsohon tub in rufe bakin kowane boris da shi.